Baƙar Mota Ba Ta Rufa wa Direba Asiri

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Nafi'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa, ina kuma roƙon Ubangiji ya kai ka Kano lafiya, ya sauke ka a hannun mutanen kirki, ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe. Innarka ma tana gaishe ka, duk da ita ce za ta cusa wannan takarda a ƙasan jakarka, kusa da ƙullin yajin da ta daka maka.

Na san za ka yi mamaki. Gida ɗaya muka kwana, kwano ɗaya muka ci tuwo, amma ga tsohonka ya zauna yana ɓata takarda. To, bakina yana da nauyi a gabanka, hannuna kuwa ba shi da kunya. Bokon da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci bai kai naka na makarantar kimiyya ba, sai ka yi haƙuri da karkatattun baƙaƙe.

Ka ce Hajiya likitar da za ka tuƙa ta ba ka gwajin wata ɗaya, in ta gamsu ka zauna, in ba ta gamsu ba ka kama hanyar gida. Ba sai na faɗa maka abin da aikin nan yake a wurinmu ba. Taki ya gagari talaka, rumbunmu ba ya kai mu damina, idona kuma ya raba ni da sitiyari. Gidan nan kaf kai yake kallo. Ta wajen tuƙi ba na jin ka, ni na ɗora hannunka a kan giya. Abin da ya hana ni sukuni shi ne da ka ce motar baƙa ce wuluk, kuma kai za ka riƙa wanke ta. Na ce ka zauna mu yi magana, ka yi dariya ka ce, “Haba Baba, wankin mota ai ba karatu ba ne.” Na ce uhm. Ni ma haka na ce a zamanina.

Kun taso kuna jin ana ce mini Idi Direba. Sunan ya samo asali ne daga baƙar motar Alhaji Sale, wani babban mai saye da sayar da hatsi a Ɗambatta, Allah ya jiƙansa. Na tuƙa shi shekara shida, a shekarun nan da fari ya biyo fari, gwamnati kuma ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu, har sabulu da madara sai an yi musu layi. Duniya ta yi zafi, amma wallahi in na tuna kwanakin sai in ji kewa. Ina da ƙarfi, ina da ido, ina da mota. Ranar da na fara shigowa da ita ƙauyen nan, mutane suka bar shuka suka fito kallo. Innarka tana amarya lokacin, na kama ta tana gyara ɗaurin ɗankwali tana duba fuskarta a sheƙin ƙofar bayan motar, ta ɗauka ba wanda ya gan ta. Har yau in na tsokane ta da maganar sai ta ce sharri nake mata.

Kuskurena na farko na wauta ne da son a sani. Na ɗauka wanki shi ne yawan ruwa da yawan kumfa. Sai in bari rana ta take, lokacin da mutane suka fi yawa, in kai motar bakin rijiyar tasha, in kaɗa garin sabulun wankin kaya, in yi ta sheƙa mata guga bayan guga ina fito. Ruwa kuwa a shekarar ya yi ƙasa, mata suna layi da tuluna tun hantsi. Wata rana wata tsohuwa ta dube ni ta ce, “Ɗan nan, in ta gama alwalar ka ba mu gugan, mu ma mu samu na sha.” Aka kwashe da dariya. Kunya ta kama ni, kuma abin haushi, motar ba ta yi kyau ba. Tana bushewa sai ta fito da fararen ɗigo-ɗigo kamar zabuwa, in goge nan, can ya fito.

Wanda ya cece ni shi ne Baba Bitrus, wani dattijo daga wani ƙauye a bayan Bagwai, wanda ya yi shekaru yana tuƙa motar asibitin mishan kafin ya koma noma. Yana zaune a gindin tsamiya yana jiran motar kasuwa, ya gama kallona tsaf, sannan ya yafito ni.

“Direba, ɗora tafin hannunka a kan bonet ɗin nan.”

Na ɗora, na janye da sauri.

“To, abin da hannunka bai iya zama a kai ba, ruwa ma ba zai zauna ba. Tashi yake, ya bar maka kanwar rijiya da sabulu a jikin fenti. Gobe da sassafe ka same ni a nan da bokiti biyu.”

Abin da ya koya mini ke nan, kuma shi nake so ka riƙe. Ka yi wanki da sanyin safiya bayan ka yi asuba, ko a inuwa, motar tana da sanyi. Bokiti ɗaya na sabulu, ɗaya na ruwa zalla. Kafin tsumma ya taɓa ta, ka ɗebi ruwa a kofi ka kwarara daga rufi zuwa ƙasa, ya tafi da ƙasar da ke kwance. Sannan ka fara daga sama, rufi da gilasai, sai bonet da but, sai ƙofofi. Duk shafa biyu ko uku ka ɗauraye tsumman a bokitin ruwa kafin ka mayar da shi na sabulu. In ka gama ka leƙa gindin bokitin ruwan, yashin da za ka gani a kwance da duk a jikin motar za ka goga shi. Tayoyi da ƙasan mota su ne na ƙarshe, kuma da tsummansu daban. Kada ka bar ta ta bushe da kanta, ka bi ta da tawul mai laushi tun tana jiƙe, kana ja a miƙe, ba kana murzawa kamar mai wankin tukunya ba. Garin sabulun wanki kuwa ka bar wa Innarka, yana cinye man da ke kare fenti ya bar shi dusu-dusu. Ka roƙi Hajiya ta sayi sabulun mota na ruwa, murfi ɗaya ya ishi bokiti. Da na kama hannun, kafin mai shayin ƙofar gidan Alhaji ya tafasa ruwansa na gama, kuma ban sake tare wa kowa rijiya ba.

Sai kuma wata ɗabi'a da direbobi duka muke da ita, in muna jiran maigida hannunmu ba ya zama, sai mu zaro ƙyalle mu hau kaɗe mota a bushe. Na yi haka wata da watanni ina ganin ƙwazo nake. Ranar da Baba Bitrus ya ja ni gefen da rana ke dukan bonet, na ga fentin ya cika da siraran zane kamar saƙar gizo-gizo. Farar mota tana haɗiye irin wannan, baƙa kuwa sai ta nuna wa duniya. In ba ka da ruwa, ka bar mata ƙurarta, ƙura ba ta cizo sai an goga ta. Kashin tsuntsu kaɗai ne ba ya jira. Kana ganinsa ka jiƙa tsumma ka ɗora a kai ya yi laushi, sannan ka ɗauke shi a hankali. Kuma duk daɗin inuwa, ka ɗaga kai ka duba kafin ka ajiye mota, in bishiyar balbela ce ko ta jemagu ka nemi wata.

Yanzu bari in ba ka wanda har yau abokaina suke yi mini tsiya da shi. Akwai man sheƙi da muke kira folish, mai kama da kakin zuma, a cikin gwangwani yake zuwa. Da kaya suka ɓace daga kantuna, shi ma ya ɓace. Aka zo sunan jikan Alhaji a Bagwai, ya ce mini, “Idi, ina so motar nan ta yi magana gobe.” Na duba gwangwanina, wayam. Sai shaiɗan ya raɗa mini dabara. Na saci jiki na tsiyayi man gyaɗar Innarka a kwalba, da safe na shafe motar da shi tun daga bambar gaba har ta baya. Nafi'u, ba ka ga sheƙi ba! Alhaji ya fito ya ce masha Allah har sau uku.

Muka sauka daga kwalta muka hau jar hanya, ga motocin 'yan suna a gabanmu suna tayar da ƙasa. Kafin mu isa Bagwai, baƙar mota ta koma tsiren da aka birkiɗa a garin ƙuli. Muna tsayawa ƙudaje suka yi mata sallama. Alhaji ya fito, ya zagaya ta, ya lakata da yatsa ya shinshina, sannan ya ce, “Idi, saura albasa da tumatir.” Mutane suka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Garin gyaran gira na kusa rasa ido. Kwana uku ina fama kafin maiƙon ya fita. Amma ka lura da abu ɗaya, da ya tambaye ni na faɗa masa abin da na yi, kuma bai ko harare ni ba. A Kano ya sa aka nemo mini gwangwani biyu a wajen wani ɗan kasuwa.

Saboda haka in wani a tasha ya ce maka ka shafa kananzir, ko baƙin mai, ko man birki, ka ce masa Allah ya ba da lada, ka wuce. Folish na gaskiya ba ya son wahala kuma ba ya son yawa. Sai mota ta wanku ta bushe, a inuwa. Ka lakato ɗan kaɗan a soso mai laushi, ka shafa siriri, ƙofa ɗaya ko rabin bonet a lokaci guda. Ka jira ya yi fari-fari, ka ja yatsa a kai. In wurin ya fito tas, to ya nuna, ka goge da busasshen tawul. In ya yi maiƙo ka ƙara masa lokaci. Ni da farko laftawa nake kamar mai yaɓen ɗaki, ya bushe ya ƙanƙame, in yi ta gurza har kafaɗata ta riƙe, alhali abin da fenti zai sha ɗan mitsitsi ne. Kada ya taɓa baƙar robar gefen gilas, yana bar mata fari. Sau ɗaya a wata biyu ko uku ya wadatar. Alamarsa, in ka watsa ruwa ka ga ya dunƙule yana gangarewa, da sauransa, in ya baje ya kwanta, lokaci ya yi. Na ji yanzu har akwai na fesawa, wanda ake fesa wa mota tana jiƙe a goge tare da ruwan. Ku 'yan zamani kun huta. Motar da ke da folish ƙura ba ta kama ta sosai, wankinta ma rabin aiki ne.

Duk wannan da na zayyana, ko ban rubuta ba za ka tsince shi a bakin wasu. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wanda ke tafe, kuma na fi kwana uku ina kewaya shi.

Kun sha ji ina cewa na bar aiki ne saboda kasuwa ta karye, Alhaji ya sayar da mota. Ba haka aka yi ba. Korata aka yi.

Wata Talata ce, ina sauri don Alhaji zai fita. Ina cikin tsane motar tawul ya suɓuce ya faɗi ƙasa. Na san doka, tsumman da ya taɓa ƙasa ya gama aiki sai an wanke shi. Amma na ce a raina sau ɗaya dai, na kaɗe shi a gwiwata na ci gaba. Ashe tsakuwa ta maƙale a ciki. Ja ɗaya na yi a ƙofar baya, ta ɓangaren da Alhaji yake zama, na ji ƙiiii. Farin layi ya fito, ya fi kamu ɗaya tsawo.

Da na shiga na gaya masa a lokacin, da yanzu labarin yana cikin na dariya, kusa da na man gyaɗa. Amma kwana biyu kafin nan ya yabe ni a gaban baƙi, ya ce duk Ɗambatta ba mai riƙon mota kamar Idi, kuma yabon ya yi mini daɗi fiye da kima. Sai na je wajen mai gyaran takalmi na samo baƙin man goge takalmi, na cike layin da shi, na lailaye. Daga nesa ba ka ganin komai. Kowace safiya in ƙara shafawa, ina jin kaina mai wayo.

Ranar Juma'a aka idar da salla, rana tana tsakiya, motar ta sha zafi. Alhaji ya fito cikin farar shadda sabuwa fil, ya tsaya gaisawa da manyan 'yan kasuwa, ya jingina bayansa da ƙofar. Ina tsaye ina kallo. Da ya ɗago, baƙin layi ya ratsa bayan rigar daga kafaɗa zuwa kafaɗa. Wani ya matso ya raɗa masa. Alhaji ya shiga mota, muka taho gida.

A zaure ya kira ni.

“Idi, mene ne a jikin ƙofar nan?”

Na durƙusa na ce, “Ranka ya daɗe, ina jin amalanken 'yan dako ne ya goge ta a kasuwa ban lura ba.”

Ya dube ni ya ce, “Amalanken ne kuma ya shafa mata man takalmi? Tun ranar Talata da la'asar na ga karcen nan. Kullum da safe in ka buɗe mini ƙofa sai in ɗan tsaya, ko za ka yi magana. Karce ai aikin yini ɗaya ne a wajen mai fenti, riga kuma akwai wata a akwati. Amma ni da nake ba ka makullin sito, nake sa ka kai iyalina unguwa, yaya zan yi da mutumin da in abu ya ɓaci sai ya shafe shi da baƙi? Ajiye makullin a nan, Allah ya haɗa kowa da rabonsa.”

Ko tsawa bai yi mini ba. Har buhun gero ya sa aka ɗora mini a motar kasuwa, kuma wannan buhun ya fi mari ciwo. Na sauka a bakin hanya na tako zuwa gida, kafin in iso na gama ƙera ƙaryar da zan faɗa. Shekarar ba a haife ka ba. Geron ya ƙare tun kafin a yi shuka, muka sayar da awakin Innarka ɗaya bayan ɗaya, muka ci tafasa da rama ba mai, yayarka Hadiza ta yi ta kukan yunwa a goye. Duk wanda ya zo jaje sai in ce zamani ne, kowa ma ya taɓu. Ramin ƙarya ƙurarre ne, in ji mutane, amma ni na zauna a nawa kusan shekara talatin.

Ga abin da ya sa na tone shi yanzu. Bara, da ka fasa gilashin fitilar ɗakina, ba ka faɗa ba, sai ka juya fashewar ta kalli bango. Na gani. Da ƙotar garma ta tsage a hannunka, ka ɗaure ta da roba ka mayar cikin sauran. Ita ma na gani. Ban yi maka faɗa ba, don duk lokacin da na buɗe baki sai in ga kaina durƙushe a zauren Alhaji. Kai yaron kirki ne, ba ka sata, ba ka raina mutane, amma ka gaji wannan a wurina, kuma tsoro nake ji. Za ka karce motar nan, Nafi'u. Ko kai, ko mai babur, ko ƙofar gareji, wata rana sai an yi. Ranar da aka yi, kafin ka sha koko ka je ka sami Hajiya ka ce, “Hajiya, ga abin da ya faru, ga yadda ya faru.” Ka bar ta ta yi faɗanta, kai dai kada ka nemo abin shafawa.

Da na kawo nan a rubutu, sai na ga bai dace ka san abin da uwarka ba ta sani ba. Na kira ta tana tsaka da tankaɗe, na karanta mata tun daga Talatar har zuwa zauren. Ta saurara har na gama, ba ta ajiye rariyar ba, sannan ta ce, “Malam, wa ya wanke rigar da ka goge baƙin man yatsunka a jiki a wancan makon? Kuma motar da ka ce an sayar, sau nawa ta wuce ni a hanyar Ɗambatta da wani direban a ciki?”

Na ce, “To me ya hana ki magana duk shekarun nan?”

Ta ce, “Ka dawo ba aiki, ba abinci. Abin da ya rage maka a gidan nan girmanka ne, shi ma in karɓe?”

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Awakinta aka sayar saboda ƙaryata, tana sane, kuma ko sau ɗaya ba ta goranta mini ba. Na nemi gafararta jiya, yau kuma ina neman taka da ta 'yan'uwanka.

Saboda haka ka je ka riƙe aikinka da hannu biyu, muna buƙatarsa, ban ɓoye maka ba. Amma in ka faɗi gaskiya aka sallame ka a kanta, ka dawo da rana tsaka, kanka a ɗage, ni zan tare ka a bakin hanya in ɗaukar maka jaka. In kuma shaiɗan ya rinjaye ka ka yi irin tawa, nan ma gidanku ne, ka dawo. Sai dai tun a zaure ka faɗa mana abin da ya faru. Innarka ta riƙe wa mutum ɗaya asiri, ya ishe ta.

Allah ya yi maka albarka, ya sa ka shiga a sa'a. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya kare ka daga tsautsayin hanya da mugun abokin tafiya, ya ba ka ladabi a gaban manya da haƙuri a cikin cunkoso. Kada ka tayar da mota ba ka yi bisimilla ba, kada kuma jiran maigida ya sa ka bar salla ta wuce. Allah ya dawo mana da kai lafiya, ya sa mu gana da alheri. Amin.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Idi Direba